Me ya sa tikitin shiga Disney ya yi tsada haka?

Tambaya: Malam, na ji an ce kuɗin shiga wurin shaƙatawa na Disney a Amurka ya haura dala ɗari ga mutum guda a yini ɗaya. Na'urorin ne ke cin kuɗin, ko dai son riba ne kawai?

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Tun 2015 tikitin Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren wasa na Disney World da ke jihar Florida, ya tsallake dala 100, alhali da aka buɗe wurin a 1971 dala 3.50 ake biya, kodayake a lokacin yawancin wasannin da nasu kuɗin daban.

Kashe kuɗi kam ana kashewa. Filin Disney World ya kai kusan eka 25,000, ma'aikatansa sun haura 70,000. A ƙarƙashin Magic Kingdom akwai hanyoyin da ma'aikata da kayan abinci ke bi, shara kuma iska ce ke zuƙe ta cikin bututu, don kada baƙo ya yi ido biyu da motar shara. Wurin da suka buɗe a Shanghai a 2016 ya lashe dala biliyan 5.5, a 2023 kuma suka ce za su zuba biliyan 60 cikin shekara goma a wuraren shaƙatawa da jiragen ruwansu. Irin wannan ɗawainiya ba ta raguwa don baƙi sun ragu. Shi ya sa da korona ta rufe ƙofofi a 2020 kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000.

Ita fasahar ma ba don ƙawa kaɗai ake saka ta ba. Ki dubi MagicBand, awarwaron roba da suka fito da shi a 2013, wanda tsarinsa ya ci wajen dala biliyan ɗaya. Da shi za ki shiga, da shi za ki buɗe ɗakin otal, ki kara shi a jikin na'ura ki biya kuɗin abinci. Wanda bai ƙirga kuɗi da hannunsa ba ya fi saurin kashewa, kamfanin kuma ya san inda jama'a suka yi cincirindo.

Sai dai duk wannan bai isa ya bayyana farashin ba. A shekarar kuɗi ta 2024 Disney ya samu dala biliyan 91, ɓangaren wuraren shaƙatawa, wanda ya haɗa da jiragen ruwa da kayan sayarwa masu tambarin Disney, ya kawo biliyan 34. Amma wajen riba, kusan kashi 60 cikin ɗari daga wannan ɓangare ta fito. Wato shi ke ɗauke da gidan, musamman yanzu da kasuwar tashoshin talabijin ɗinsu ke ja da baya. Ga shi masu son shiga sun fi ƙarfin wurin, don haka farashi ya koma bin rana: lokacin hutu da Kirsimeti ya hau, ranar makaranta ya sauka.

Wannan na fahimce shi, rage cunkoso ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sayar da layi. Daga 1999 akwai FastPass, kyauta, kowa na iya kama lokacinsa ya dawo ba tare da doguwar tsayuwa ba. A 2021 aka soke shi aka kawo na kuɗi, wanda yanzu ake kira Lightning Lane. Magidancin da ya shekara yana tari don ya kawo 'ya'yansa sai ya tsaya awa guda cikin zafin Florida, mai hali na wucewa ta gefensa, alhali kuɗin shiga ɗaya suka biya.