Amsa kan Kwatarkwashi

Malam, ka tambaya wane ƙauye za ka kai yara yawon buɗe ido kusa da Gusau, to ni dai Kwatarkwashi zan ce maka, ƙaramar hukumar Bunguɗu, kan titin Funtuwa, tun daga cikin mota za ka hango dutsen ya tokare sama garin na gindinshi. Da can Maguzawa ke bauta wurin, kuma a lokacin har bikin kamun maiki akan yi a kansa, samari su hau ƙololuwa su kamo tsuntsun da hannu, wallahi ba ƙaramar jarumta ba ce. Ka tafi da sassafe dutsen na ɗaukar zafi, ka fara gaida fadar Sarki su haɗa ka da ɗan gari. Amma fa ka tambayi lafiyar hanya tukuna.