Shin Tunanin Asara Yana Ruɓar da Tumatir?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Kayana suna saurin lalacewa fiye da na maƙwabcina, alhali sau da yawa mota ɗaya ce ke sauke mana. Wani abokina ya ce matsalar daga zuciyata take, wai yawan tunanin asara ne ke jawo mini asara. Ya nuna mini wani bidiyo a Facebook: dafaffiyar shinkafa a kwalba biyu, ɗaya ana yi mata magana mai daɗi, ɗaya ana zaginta, bayan wata guda wadda ake zagi ta yi baƙi ƙirin. Da gaske niyya da tunanin mutum suna taɓa abu irin tumatir?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da gurbin abin da ka rasa.

Abokinka ya hango wani abu, amma ya saki reshe ya kama ganye. Tunani ba ya fita daga kan mutum ya ratsa iska ya shiga kwando. Sai dai yana da hanyar da yake bi ya isa ga kaya, kuma hanyar ba ɓoyayya ba ce: idonka, hannunka, bakin da kake yi wa 'yan dako magana da shi, da lokacin da ka yarda ka sayar. Ta nan ne mutum biyu za su sauke kaya daga mota ɗaya, kwana biyu bayan haka ɗaya yana ƙirga riba ɗaya yana zubarwa.

Mu fara sallamar shinkafar. Dafaffiyar shinkafa ba ta da tsabtar da ido ke nunawa. Akwai ƙwayoyin cutar da dahuwa ba ta kashe irinsu, ga irin funfuna da ke yawo a iska, ga abin da ke jikin cokali da murfi da yatsa. Ko ba a ce musu uffan ba, kwalabe biyu ba za su lalace rana ɗaya ba. Dole ɗaya ta riga, kuma rabi da rabi ne ta zamo wadda aka zaga, kamar jefa kwabo. Wanda gwajin ya ba shi abin da yake so sai ya ɗora bidiyo. Wanda tasa ta juye masa sai ya zubar da shinkafar ya yi shiru, kai kuma ba za ka taɓa ganin tasa ba. In kana son gwadawa da kanka, nemi kwalabe 20 iri ɗaya, ka tafasa su da murafansu na minti 10, ka zuba shinkafa daga tukunya ɗaya da cokali ɗaya, ka rufe. Jefa kwabo ya raba maka goma na yabo da goma na zagi, a ajiye su wuri ɗaya a cakuɗe, kada a buɗe ko ɗaya. Bayan wata guda ka kira wanda bai san wacce ce wacce ba ya jera su daga mai kyau zuwa mai muni. Na yabo da na zagi za su fito a gauraye.

Masana ma sun gwada wannan magana da kayan aikin da suka fi kwalba. A Jami'ar Princeton ta Amurka an buɗe wani ɗakin bincike a 1979 don a ga ko niyyar mutum za ta karkatar da na'urar da ke fitar da lambobi barkatai. Aka yi ta yi har aka rufe shi a 2007. Bambancin da suka ce sun gani ɗan mitsitsi ne, kuma da aka haɗu da wasu ɗakunan bincike a Jamus don a maimaita, bai fito ba.

To ga wani gwajin da zai nuna maka ainihin hanyar. Ɗaura zobe a zare mai tsawon kamu ɗaya, ka riƙe bakin zaren da yatsu biyu, kada gwiwar hannunka ta jingina da komai. Ka ƙura wa zoben ido kana raya cewa yana kewayawa, ba tare da ka motsa hannu ba. Mafi yawan mutane kafin minti ɗaya ko biyu za su ga ya fara lilo, har ya kama zagaye. Za ka rantse ba kai ba ne. Yanzu ɗaure zaren a ƙusa jikin bango, ka koma gefe ka yi ta raya duk abin da kake so. Ba zai ko girgiza ba. Abin da ya faru shi ne tunanin motsi yana sa tsokar yatsu yin ɗan motsin da mai hannun ba ya ji, zaren kuma yana tara shi har ya girma. A 1853, lokacin da mutanen Ingila suka rikice da teburin da wai ruhohi ke juyawa, masanin kimiyya Michael Faraday ya sa falle-fallen kwali tsakanin tafukan mutane da teburin, ya ga na sama sun riga na ƙasa gusawa, alamar hannu ne ke turawa. Da ya sa musu alamar da za su riƙa ganin turin nasu da ido, teburin ya tsaya cak. (Masu rataya makulli a zare don gano ɓarawo su lura: makullin yana juyawa ne wajen wanda mai riƙon ya riga ya zarga.)

Yanzu mu koma kwando. Tumatir abu ne mai rai ko bayan an tsinke shi, yana numfashi, yana fitar da zafi da ruwa. Wanda ya taso daga Kadawa ko Ɗanja ya yi tafiyar da ta kai wajen kilomita 1,000 kafin ya ga Ketu, yankin da kasuwar Mile 12 take, sau da yawa kwana biyu ko uku a bayan tirela. Babban kwando yana cin kilo 50 ko fiye, kuma ana ɗora wani kan wani, saboda haka na ƙasa sun sha danniya, na gefe kuma tsinken saƙa ya soke su. Ruɓa ba ta shiga lafiyayyar fata da sauƙi, ƙofa take nema: tsaga, huji, ko gurbin da aka cire hanci. Da ta shiga ɗaya, ruwansa ya tsiyaya kan na ƙasa, shi ke nan, wake ɗaya ya ɓata gari. Ga kuma zafi. Duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Celsius yana ninka saurin numfashin tumatir kusan sau biyu ko fiye, don haka kwandon da ya wuni a rana ya tsufa fiye da wanda ya wuni a inuwa, ko da awa ɗaya aka sauke su. Nunanne yana fitar da iskar etilin wadda ke gaggauta nunar na kusa da shi. Kore kuma in zafi ya haura digiri 30 ba ya yin ja sosai, sai ya tsaya ruwan ɗorawa, mai saye ya raina shi.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya san abin da ke ranka. Amma dubi inda ranka ke shigowa. Mutumin da ya kwana da lissafin bashi, mota na tsayawa hankalinsa yana kan farashi da dillali. Yana gaggawa, yana daka wa 'yan dako tsawa, su kuma suna dire kwando da ƙarfi. Faɗuwa daga tsayin gwiwa kan daɓe ta isa ta farfasa cikin nunannen tumatir ba tare da fatar ta nuna ba, sai washegari ka ga ya yi laushi ka ce daga gona ne. Maƙwabcinka wataƙila ba addu'ar da ya fi ka, tsayawa kawai yake a gindin mota har a sauke na ƙarshe.

Ido ma abin da zuciya ta aike shi yake gani. A 1999 wasu masana biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga jifa. A tsakiya wata sanye da rigar goggon biri ta ratsa, ta tsaya ta daki ƙirji, ta wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba. Ƙwarewa ma ba ta tsare mutum: a 2013 an saka hoton goggon biri cikin hoton huhu aka ba likitocin duba hoto 24, kashi 83 cikin 100 ba su lura ba, domin ƙari suke nema. Ɗan gwarin da idonsa ke kan mai saye zai wuce kwandon da gindinsa ya jiƙe, ƙananan ƙudaje na shawagi a kai, tsami na tashi, bai gani ba, alhali a gabansa yake.

Wurin da tunanin asara ya fi cin 'yan gwari kuwa shi ne wajen sallamawa. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa zafin rasa abu a zuciya ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun irinsa. Shi ya sa mutum ke ƙin ƙaramar faɗuwa tabbatacciya ya rungumi babba mai shakka. A ce kwando ya tsaya maka naira 40,000, da safe aka taya 36,000. Zuciya ta ce ba za ta faɗi 4,000 ba, a jira gobe. Goben kashi ɗaya cikin huɗu ya fashe ya koma abin da Yarbawa ke kira esha, wanda masu abinci ke kwasa a wulaƙance, sauran kuma ya yi laushi. Albasa da doya suna iya jiran farashi. Nunannen tumatir a zafin Legas ba ya jira. A nan abokinka ya yi gaskiya ba tare da ya san dalili ba: tsoron asara yana haifar da asara, amma ta bakinka da ya ce "albarka" lokacin da ya kamata ya ce "na sallama".

Kada kuma a haɗa wannan da addini. Hadisin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa ayyuka suna bisa niyya, wanda Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da shi, magana ce kan hukuncin aiki da ladansa a wurin Allah. Mutum biyu za su auna kaya, ɗaya da niyyar ciyar da iyali ɗaya da niyyar alfahari, ladansu ya bambanta, sikeli kuwa nauyi iri ɗaya zai nuna musu. Addu'a roƙon Allah ce, ba ƙarfin ƙwaƙwalwar mai roƙo ba. Kuma mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Koyarwar bidiyon nan tana da illar da ba a faɗa: duk wanda kayansa suka lalace ko ya kwanta ciwo sai a ce shi ya jawo da zuciyarsa, ya tashi da waswasi a kan asara, masu sayar da maganin kasuwa kuma su same shi a sama.

Shawarar "ka riƙa hango riba kawai" ma ba ta da amfanin da ake zato. Binciken Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa yawan mafarkin nasara yana sanyaya gwiwa, domin zuciya ta riga ta ɗanɗani daɗin kafin a yi aikin. Niyyar da ke aiki ita ce wadda aka ɗaure da lokaci da wuri. Wani masanin, Peter Gollwitzer, shi ne ya fi yin aiki a kanta, kuma a 2006 shi da abokin aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 94 suka ga tana ƙara cika aiki sosai. Siffarta ita ce "idan kaza ya faru, zan yi kaza". "Zan kula da kayana" buri ne. "Idan mota ta tsaya, ba zan yi maganar kuɗi da kowa ba sai na ga an sauke kwandon ƙarshe a inuwa" niyya ce da ƙafa za ta iya bi.

Irinta uku ko huɗu sun ishe ka. Bayan niyyar sauke kaya, sai ta tsincewa: a ranar da kaya suka iso a juye su a hankali, a ware kore, da mai fara nuna, da ja, fasasshe kuma a fitar da shi nan take a sayar a ranar ko nawa aka taya. Kwando ya hau katako, kada ya zauna a ƙasa mai laima, kuma kada a lulluɓe shi da leda ko tampol ya hana iska, domin zafin numfashinsa zai dafa shi. Kada a yayyafa ruwa don ya yi sheƙi, jiƙaƙƙen tumatir ya fi saurin ruɓa. In da hali a koma kiret na roba mai cin kilo 20 zuwa 25, wanda in an jera nauyin yana sauka kan bakin kiret ne ba kan tumatir ba. Shi ma yana ɗaukar cuta daga kaya zuwa kaya in ba a wanke ba: a fara cuɗe shi da sabulu, sannan a tsoma cikin ruwa lita 20 da aka zuba wa cokalin cin abinci huɗu na bilic (ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta) marar ƙamshi mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100, a bar shi ya bushe sarai. Ta ƙarshe ita ce ta farashi, kuma da daddare ake yanke ta, lokacin da zuciya ke kwance: idan ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, jan tumatir bai tafi ba, zan sallama a kan kaza.

Sai ka sayi ƙaramin littafi. Kowace mota ka rubuta ranar da aka yi lodi, garin da kayan suka fito, kwando ne ko kiret, daga wane sashen mota naka suka fito, awa nawa suka yi kafin su shiga inuwa, da yawan abin da ka fitar a matsayin esha. Sashen motar nan kada ka raina shi, domin mota ɗaya ba wuri ɗaya ba ce: layin ƙasa ya fi shan nauyi, na sama ya fi shan rana da jijjiga, kuma wanda ya riga zuwa gindin mota shi ke zaɓe. Bayan mako huɗu ka zauna da littafin, in maƙwabcin naka mai sakin fuska ne ka tambaye shi ƙarfe nawa yake isowa kasuwa da kuma yadda yake sallamar 'yan dakonsa.