Amsa: tikitin Texas da ba ka biya ba kafin ka koma Maryland

Ɗan'uwa ka ce ɗan sanda ya rubuta ma tikitin gudu a Texas, ba ka biya ba kuma ba ka je kotu ba, kana tambaya ko maganar ta mutu tunda ka bar jihar. Gaskiya ba ta mutu ba. Rashin zuwa kotun nan shi ne babbar matsalar, don alƙali na iya fidda warantin kamu, kuma irin wannan waranti ba ya lalacewa don an daɗe, yana nan zaune yana jiranka.

Ba wai za su turo a ɗauko ka daga Maryland saboda tarar gudu ba, da wuya jiha ta kashe kuɗinta a kan wannan. Inda za ka ji a jikinka shi ne lasisi, jihohin Amurka suna duba rajista ɗaya ta direbobi ta ƙasa kafin su ba mutum lasisi ko su sabunta, in Texas ta dakatar da naka za a gani a kwamfuta a ce je ka wanke kanka tukun, kuma tuƙi da lasisin da aka dakatar laifi ne daban wanda ya fi na farkon nauyi. Ga tarar ma tana ƙaruwa. Ranar da ka je Houston, can Texas, biki aka tsayar da kai kuwa, ana iya wucewa da kai.

Kira magatakardar kotun da sunanta ke jikin tikitin, ka tambayi nawa ya zama kuma ko suna karɓar biya kaɗan-kaɗan. Amma kar ka yi saurin biya, biyan kamar amsa laifi ne, inshora na iya tashi. Fara neman lauya a can, yawanci yana iya tsaya maka ba sai ka je ba. In kana shirin neman zama ɗan ƙasa, gama da wannan tukuna, fom ɗin na tambayar tikiti.