Ku Tambaya Mu Amsa: Shafi Uku Kan Dara Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matasa ne a Argungu, mun buɗe wiki, wato dandalin intanet da jama'a ke rubutawa da gyarawa tare, da manhajar MediaWiki don tattara wasannin gargajiya irin su dara, langa, kokawa da dambe. Yanzu dara kaɗai tana da shafi uku, kowane da nasa tsari, kuma ana ta goge wa juna rubutu kan ƙa'idojin wasan. Ina mafita? — Mai karatu daga Argungu

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Matsalarku ta faro ne daga suna. MediaWiki harafin farko kawai take mayarwa babba da kanta, sauran kuwa tana bambanta babba da ƙarami, don haka "Wasan dara" da "Wasan Dara" shafi biyu ne a wurinta. Haka "Ƙwallo" da "Kwallo", tunda wayoyi da yawa ba su da baƙaƙe masu lanƙwasa. Ku tsayar da doka: wasa ɗaya, shafi ɗaya, da gajeren sunansa, wato "Dara". Ku kwashe abin amfanin da ke sauran biyun zuwa can, sannan ku bar layi ɗaya tak a cikin kowannensu: #REDIRECT [[Dara]]. Wannan layi shi ne turawa: yana kai mai karatu shafin "Dara" kai tsaye. Kada turawa ta nufi wata turawar, domin manhajar tsalle ɗaya take yi ta tsaya. In za a sauya wa shafi suna, a yi amfani da maɓallin matsarwa. Kwafa da liƙawa na yanke tarihin waɗanda suka yi rubutun.

Sai tsarin ciki. Jimlar farko ta faɗi mene ne wasan da mutum nawa ke yin sa. Bayanta kanun sassa su biyo a jere iri ɗaya a kowane shafi: Kayan wasa, Yadda ake yi, Bambancin garuruwa, Kalmomin 'yan wasa. Ana rubuta kai tsakanin alamar daidai biyu-biyu, kamar == Kayan wasa ==. Da kanu sun kai 4, jerin abubuwan ciki zai fito da kansa.

Gogayyar kuwa, sashe na uku ne maganinta. A babban bayani ku rubuta abin da aka fi sani: gurbi 30, layi 5 sau 6, kowa da 'ya'ya 12, a fara da zubawa sannan a koma turawa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Amma ko jera huɗu ci ne, ko an yarda a jera uku tun lokacin zubi, nan ne bakin masu dara ke rabuwa. In na Zuru ya zo da tasa ƙa'idar, kada na Yawuri ya share. Kowa ya rubuta ƙarƙashin sunan garinsu, ya faɗi inda ya gani ana yi. Wannan bambancin shi ne ma arzikin wikin naku.

Gardama a kai ta shafin tattaunawa, a rufe magana da ~~~~ don suna da lokaci su fito. Duk wanda ya yi gyara ya cike gurbin taƙaitawa, ko da kalma uku ce: "na gyara adadi". Ku rubuta waɗannan dokoki a shafi guda, ku sa mahaɗinsa a shafin farko inda sabon shiga zai fara cin karo da shi.