Tambaya da Amsa: Me ya sa wayifai ɗinmu ke ta neman a sake shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ne nake kula da wayifai na baƙi a wurin aikinmu, muna da kontirola ta Cisco, wato na'urar da ke sarrafa wayifai ɗin, da shafin shiga, wanda mutum ke sa lambar sirri kafin intanet ta buɗe masa. To matsalar ita ce da mutum ya ajiye waya ya ɗan jima sai ta ce ya sake shiga, na ƙara wa'adin zama har awa 24 amma ba abin da ya canza, kullum ƙorafi ake kawo min. Don Allah ina gyaran yake?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wa'adin da ka taɓa ba shi ne mai laifin ba. Agogo biyu kontirolar take da su, na farko shi ne wa'adin zama gaba ɗaya, wanda a tsofaffin kontirolar Cisco masu manhajar AireOS yake zuwa da daƙiƙa 1800, wato rabin awa, ko mutum na aiki ko ba ya yi in ya cika an fitar da shi. Shi ka ƙara, kuma ka kyauta. Na biyun shi ne wa'adin shiru, daƙiƙa 300 kacal, minti 5 kenan. Waya in aka kashe fuskarta aka sa a aljihu takan rage magana da wayifai don tattalin batir, ita kuma kontirola da ta ji shiru na minti 5 sai ta ɗauka mutumin ya tafi ta goge shi, to ka ga awa 24 ɗinka ba ta ma samu damar yin aiki ba.

Kar ka yi saurin mayar da wa'adin shirun awa 10, domin sunayen waɗanda suka tafi tuntuni za su cika maka jerin da kontirola ke ajiyewa. Abin da na fi so shi ne ka kunna saitin wayoyi masu barci a kan layin baƙin. Shi yana riƙe lambar MAC, wato lambar da wayifai ke gane waya da ita, ta wanda ya riga ya shiga, in wayar ta farka sai ta wuce ba a sake tambayarta komai ba, kuma a AireOS awa 12 yake zuwa da shi, kana iya ragewa ko ƙarawa. Sai ka duba DHCP ma, wato tsarin da ke ara wa kowace waya adireshinta a layi, wa'adin aron adireshi ya ɗara na shiru, in ba haka ba waya za ta dawo ta tarar an ba wani adireshinta. In kuma sabar RADIUS, wato kwamfutar da ke duba bayanan shiga, ce ke tantance mutane to leƙa can, don wa'adin da take turowa yana iya danne wanda ka rubuta a kontirola, wannan kam yana wahalar da mutane sosai.

Akwai kuma wanda ba a hannunka yake ba. Tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi ke ƙirƙirar lambar MAC ta daban wa kowane wayifai saboda sirrin mai ita, galibi ba ta canzawa a layi ɗaya, amma in ta canza kontirola baƙuwa take ganinta dole a sake shiga. Kar ka matsa wa baƙi su kashe wannan, kariyarsu ce.

In ka gama, gwada da waya: ka shiga, ka kashe fuskar, ka bar ta minti 15 sannan ka buɗe. In har yanzu tana tambaya, duba rajistar kontirolar ka ga dalilin da ta rubuta na fitar da wayar, ka turo mana shi mu duba tare.