Filin Tambaya da Amsa: Farin Ciki a Lokacin Fargaba

TAMBAYA: Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni mace ce mai shekara 48, ina zaune a Tahoua, ina kuma cikin zumuntar mata ta majami'armu. Ɗana na fari soja ne, an kai shi jihar Tilaberi, maigidana kuwa ya tafi biɗa Abijan shekara 3 ke nan, abin da yake aikowa ba ya kai mu ƙarshen wata. Duk sa'ad da waya ta yi ƙara da dare sai gabana ya faɗi. Ran Lahadi ana karanta mana cewa mu yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, nakan tashi in yi tafi in rera waƙa tare da mata, amma hankalina yana can wurin yaron. Wata 'yar'uwa ta ce mini tsoro rashin bangaskiya ne, farin ciki kuma zaɓi ne, sai dai in zaɓa kawai. Shin zunubi nake yi? Waƙar da nake rerawa ba munafunci ba ce? (Daga wata uwa, Tahoua)

AMSA: 'Yata, sannu da haƙuri, Ubangiji ya tsare yaron nan, ya maido miki da shi lafiya. Kafin kome, ki sauke wannan kaya na biyu da aka ɗora miki. Kina ɗauke da tsoro, sai aka ƙara miki da jin laifi a kan tsoron, alhali Littafi Mai Tsarki bai ɗora miki shi ba. Fargabarki tana da dalili. Duk uwar soja a ƙasar nan ta san hare-haren da aka kai wa sansanonin soja a Inates a watan Disamba na 2019 da Shinagodar a watan Janairu na 2020, ku kuma mutanen Adar ba ku manta da ranar 21 ga Maris 2021 ba, sa'ad da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tillia. Wanda ya ce miki babu abin tsoro bai faɗa miki gaskiya ba, ta'aziyyar da aka gina a kan ƙarya kuwa ba ta kai wa asuba.

Ki duba mutumin da ya rubuta wannan aya da ake karanta muku, wato Filibiyawa 4:4. Manzo Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. A cikin wannan wasiƙa ɗaya, a sura ta 2, ya ce da abokin aikinsa Abafaroditus ya mutu da ciwon da ya kama shi, da ya sha baƙin ciki a kan baƙin ciki. A sura ta 3 kuma ya ce da hawaye yake rubuta wata magana. A 2 Korantiyawa 7:5 ya faɗa da bakinsa cewa da suka isa Makidoniya akwai faɗa a waje, akwai tsoro a ciki. Ashe wanda ya umarce mu da farin ciki ya san faɗuwar gaba, bai kuwa ɓoye ta ba. Dawuda ma a Zabura 56:3 bai ce ba ya jin tsoro ba, cewa ya yi ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah. Fiye da su duka, Ubangijinmu Yesu ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru, a Getsamani kuma ya gaya wa almajiransa cewa ransa yana cike da baƙin ciki har kamar ya mutu, shi ne kuwa wanda bai taɓa yin zunubi ba.

To, 'yar'uwar nan ta yi kuskure ke nan gaba ɗaya? A'a, rabin maganarta gaskiya ne, kada ki riƙe ta a zuciya. Akwai zaɓi, sai dai ba inda ta nuna miki yake ba. Ba ki da ikon hana gabanki faɗuwa idan waya ta yi ƙara da tsakar dare, kamar yadda ba ki da ikon hana idonki hawaye idan hayaƙin murhu ya shige shi. Abin da ke hannunki shi ne inda za ki kai tsoron bayan ya zo, da abin da za ki yi da wunin da aka ba ki. Annabi Habakuk ne ya fi kowa nuna wannan. A 3:16 ya ce da ya ji labarin abin da ke zuwa, jikinsa ya yi rawa, leɓunansa suka yi makyarkyata. Nan da nan kuma ya lissafta abubuwan da kowane manomin Adar ya sani: itace bai yi 'ya'ya ba, gona ba ta ba da kome ba, garke ya watse, turke babu shanu. Bayan ya gama lissafin, bai rage ko ɗaya ba, sai ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Rawar jikin da murnar a baki ɗaya suka fito, aya ɗaya ce kawai tsakaninsu. Don haka idan kin tashi ran Lahadi kina waƙa zuciyarki na rawa, abin da Habakuk ya yi kike yi. Munafuki shi ne mai faɗin abin da bai gaskata ba don a gan shi. Ke kuwa kin gaskata, ƙarfi ne ya ragu.

Ina so in tsaya a nan kaɗan, domin na taɓa ganin wannan da idona. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram, kashegari Asabar abin ya iso Yamai, inda 'yan sanda suka ce majami'u 45 aka cinna wa wuta, mutum 10 kuma suka rasa rayukansu a biranen biyu. Ba zan taɓa ba da wannan labari ba tare da na ambaci maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye iyalai ba, Allah ya saka musu da alheri. Bayan 'yan kwanaki muka taru don sujada a filin majami'armu, bangon ya yi baƙi, ga warin toka, babu benci ko ɗaya. Ba wanda yake dariya a wurin. Da aka ɗauki waƙa, muryoyi suna karyewa, mata suna share hawaye da bakin zane, amma ba wanda ya yi shiru. A duk shekarun da na yi ina hidima ban ga farin ciki cikin Ubangiji da ya kai na wannan safiya nauyi ba, kuma ko mutum ɗaya ba zan iya kira munafuki a cikinsu ba. Tun daga ranar na daina auna farin cikin mai bi da fara'ar fuskarsa.

Yanzu ga abin da nake roƙonki ki yi. Wayar nan, ki sa mata ƙa'ida. Yawancin saƙonnin murya da hotunan da ke yawo a WhatsApp da dare ba su da tushe, waɗanda ke da tushe kuma ganinsu ƙarfe 2 na dare ba zai kare yaron ba. Ki saurari labarai sau ɗaya a wuni, da rana, daga inda kika amince da shi. Ki kuma nemi mata biyu ko uku a cikin zumunta, musamman waɗanda 'ya'yansu suke bakin daga ko mazansu suke ci-rani, ku riƙa haɗuwa kuna ambaton yaran da sunayensu a gaban Allah. Filibiyawa 4:6 ta ce a kai roƙo tare da godiya, saboda haka kowace ta faɗi abin da take tsoro a fili, ta kuma faɗi abu ɗaya tabbatacce da ta gani daga hannun Ubangiji a makon, ko da tiya ɗaya ce ta hatsi da wani ya aiko. Batun kuɗin cefane kuma kada ki ji kunyar kai shi ga dattawan ikkilisiya, don wannan aka naɗa masu hidima tun a Ayyukan Manzanni sura ta 6.

Idan rashin barci ya kai makonni, abinci ya fita ranki, ko ƙirjinki yana bugawa ba dalili, ki je likita a auna jininki, ki gaya musu duk abin da kika gaya mini. Sa'ad da Annabi Iliya ya gudu jeji don tsoro har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, abin da mala'ika ya fara kawo masa waina ce da tulun ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, sai daga baya Allah ya yi masa magana.

TAMBAYA: Malam, na gama jami'ar Abdou Moumouni shekara 2 da suka wuce, ban sami aikin gwamnati ba, ina gyaran wayoyi a Yamai. Akwai yarinyar da muka daidaita, iyaye sun yarda, amma ina ganin kamar wauta ce mutum ya yi aure ya haifi 'ya'ya alhali ba a san inda ƙasa ta dosa ba. In jira har abubuwa su lafa? (Daga wani saurayi, Yamai)

AMSA: Ɗana, tambayarka ta mai hankali ce. Ka ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, yadda aka rufe iyakoki, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, shinkafa da magani suka yi tsada, har zuwa Fabrairu 2024 da aka ɗage takunkumi. Ka kuma ga ambaliyar daminar 2024. Mai son ɗaukar nauyin 'yar mutane dole ya yi lissafi, kuma ba zan ɓoye maka ba cewa a Irmiya sura ta 16 Allah ya hana annabin kansa yin aure saboda masifar da ke tafe. Amma wannan umarni ne ga mutum ɗaya, don ya zama alama ga jama'arsa. Ga sauran mutane, waɗanda aka kwashe zuwa Babila, Irmiya ɗin nan ne ya rubuta a sura ta 29 cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su kuma nemi zaman lafiyar garin da suke ciki, alhali ya gaya musu shekara 70 za su yi a can. Da sun jira abubuwa su lafa, da babu wanda zai komo.

Ka karanta sura ta 32 a natse. Rundunar Babila ta kewaye Urushalima, Irmiya yana tsare a gidan sarki, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo yana tallar gona a Anatot. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, ya kira shaidu, ya sa a ajiye takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, domin Allah ya ce za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Bayan ya biya ne ya koma ga addu'a yana mamakin abin da aka sa shi ya yi, wato bai jira zuciyarsa ta kwanta kafin ya yi biyayya ba. Iyayenmu manoma sun san wannan ba tare da an karanta musu ba: a ƙarshen bazara, rumbu ya kusa ƙarewa, sukan ɗebi iri su yi binne a busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Wata shekara irin ya lalace a sake shuka, amma ba su taɓa barin gona don ba su da tabbacin damina ba. Zabura 126 ta san irin wannan mai shuka, wanda yake fita da iri yana kuka.

Shawarata ita ce kada ka ɗaura ranar aurenka ga lafawar ƙasa, domin wannan ba a hannunka take ba. Ka ɗaura ta ga abin da za ka iya aunawa: ɗaki, abincin wata, da yardar yarinyar ta zauna da kai a kan abin da gyaran waya yake kawowa. Ku zauna da fastonku da iyayen ɓangarorin biyu a rage kayan biki, kada ka ci bashi don walimar wuni ɗaya. Idan waɗannan sun samu, ka tura magabatanka a sa rana.