Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Tsuntsaye da Ƙananan Dabbobi a Lambun Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida, mangwaro biyu da gwaiba da zogale, kuma tsuntsaye ba sa rabuwa da shi. Amma da na ɗaga waya sai su tashi, in kuwa na ɗauka daga nesa na jawo hoton sai ya fito dishi-dishi. Sai na sayi babbar kyamara ke nan?
Daga wani malamin firamare, wajen Ringim

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna, matsalarka tazara ce. Yawancin wayoyi in ka jawo hoto da yatsu biyu, tsakiyarsa kawai suke yankowa su buɗa, shi ya sa yake fashewa. Kada ka wuce ninki 2. Abin da ake so tsuntsu ya zo mita 1 zuwa 2 daga wayar, kuma bin sa ba zai ba ka haka ba. Shi za ka sa ya zo da kansa, kuma a ƙasarmu ba abin da ke kiran tsuntsu kamar ruwa, musamman daga Fabrairu zuwa Mayu da kududdufai suka ƙafe.

Nemi kaskon ƙasa mai faɗi marar zurfi. Ya fi roba da kwanon silba, don ƙafar tsuntsu ba ta zamewa a kansa, ga shi yana riƙe sanyin ruwa. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 2 a gefe, 5 a tsakiya, wato gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu, ka kuma jefa dutse guda wanda kansa zai fito waje. In ruwa ya yi zurfi ƙananan tsuntsaye ba za su shiga ba. Ajiye kaskon mita 2 zuwa 3 daga gindin gwaibar ko shingen lalle. In ya matse da duhuwa mage za ta laɓe ta yi ta kamu, in kuma ya yi tsakiyar fili tsoron shaho zai hana su sauka.

Sai ka kafa busasshen reshe mai kaurin fensir, kamu ɗaya sama da kaskon. Kusan kowane tsuntsu sai ya fara sauka a kai ya duba hagu da dama kafin ya sha, kuma a wannan tsayawar ake samun hoto. Duba abin da ke bayan reshen: ganye ko katangar ƙasa mai nisan mita 3 ko fiye ya yi daidai, amma kwashe leda da bokiti da igiyar shanya.

Ɗaure wayar a jikin turke daidai tsayin reshen, rana tana bayanta. Da safe ke nan kana gabas da kasko, bayan la'asar kana yamma. Danna reshen a fuskar wayar ka riƙe har saitin ya kulle. A yawancin wayoyi maɓallin ƙara murya na iyafis yana ɗaukar hoto, akwai kuma ɗan rimot na Bluetooth da ke aiki daga kamar mita 10. Zauna bayan zana ko asabari da ka huda, ka daina motsi. Kwanakin farko ba lalle su zo ba, don sabon abu tsoro yake ba su, saboda haka bar turken da zanar a wurin dare da rana. Kurciya ce kan riga kowa, sai hasbiya da marai, wani lokaci har cilakowa.

Ka riƙa zubar da ruwan kullum kana goge kaskon, don sauro kan tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10. Kuma kaji da agwagin gida kada su sha a kasko ɗaya da tsuntsun daji. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Kaduna da Kano a 2006 ba ta daina dawowa ba.

TAMBAYA: Balbela na bin shanunmu har bakin lambu. In na ɗauke ta sai ta fito fari fat ba a ganin gashinta, in ta tashi kuma fukafukan su cakuɗe. Mene ne gyara?
Daga wani ɗalibi, Dawakin Tofa

AMSA: Samari, waya tana auna hasken duhun ganye da jikin saniya, sai ta ƙara haske, farin ya ƙone. Danna jikin balbelar a fuskar wayar, alamar rana za ta fito, ja ta ƙasa har ka ga layin gashi. Hoton da ya ɗan yi duhu ana gyara shi, wanda ya ƙone ya tafi ke nan. Batun fukafukai kuwa, shiga sashen Pro na kyamarar wayar, inda kake saita ta da kanka, ka sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa ga mai tashi, 1/250 ga wanda ke tsaye, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamarar, tsakanin 100 da 400. Ɗauki da yawa a jere ka zaɓi wanda ido ya fito tar. Da hunturu hure ƙurar gilashin kyamara kafin ka goge da tattausan ƙyalle, in ba haka ba yashin zai kankare shi. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don in ka tura kai tsaye matse shi ake yi.

TAMBAYA: Yara sun ce suna ganin bushiya da dare a gindin zogale, suna so su kama ta su ɗauki hoto. Akwai kuma hawainiya, ni tsoronta nake ji. Me zan ce musu?
Daga wata uwa, wajen Gumel

AMSA: Hajiya, a hana su kamawa. Bushiya in an taɓa ta dunƙulewa take yi, sai a tashi da hoton ƙwallon ƙaya, ga kaska da ƙuma a jikinta. Ƙwari take ci, ma'aikaciyar lambunki ce. Da yamma a barbaɗa toka ko lallausan yashi a bakin kafar ruwa da gindin katanga, da safe sawunta zai nuna hanyar da take bi. Bayan isha'i a zauna mita 2 daga hanyar da tocila da aka rufe wa baki da jar leda, a kashe filashin waya, a jingina ta da bulo, don a duhu motsin hannu kaɗan yana ɓata hoto. Ruwa a murfi ya ishe ta. Kada a ba ta madara, zawo take sa ta. Da damina aka fi ganinta.

Hawainiya ba ta da dafi, kuma don ba ta sauri, ita ce ta fi sauƙin ɗauka. A durƙusa daidai tsayinta a jira idonta ya juyo. Abin tsoron na gaske maciji ne. Yaro kada ya shiga lambu da dare ba takalmi ba babba, kada ya sa hannu a rami ko tarin kara, can kububuwa ke kwanciya. Gamsheƙa kan tofa dafi har kamar mita 2. In ya shiga ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a nufi asibiti nan take.

TAMBAYA: Shamuwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidanmu. In hau in ɗauki hoton ƙwan?
Daga wani manomi, Kirikasamma

AMSA: Kada ka hau, Malam. In uwa ta tashi daga sheƙa, rana na dukan ƙwan, hankaka da shirwa kuma suna jira. Sannan wanda ya hau bishiya da waya a hannu yana hango tsakar gidan maƙwabta, ko ba da nufi ba ka jawo wa kanka magana a gaban mai unguwa. Shamuwa na zuwa wajen Afrilu da Mayu gab da faɗuwar damina, ta koma kudancin Afirka bayan ruwa ya ɗauke, ka ga kana da watanni. Tsaya a ƙasa da hantsi lokacin da take kawo kirare, ko ka jira 'ya'yan su girma su fara tsayuwa a bakin sheƙa. Kai da ke kusa da dausayin Baturiya ma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna nan. Waɗanda ba ka sani ba, manhajar Merlin kan gane su daga hoto in ka sauke kundin yankinmu tun kana da data.